Lambar inji ba a jikin ƙofa take ba

Wai ka duba jikin ƙofa ka ga lamba, kana tambayata ko ita ce ta inji. Ta shasi ce wannan, ɗan nan, mai harufa da lambobi 17, wadda ba a sa mata I ko O ko Q. Watanka nawa a garejin nan? Da wayarka ce ta faɗa cikin inji, da tuni ka zaƙulo ta.

Ta inji a jikin bulok take, wato gangar jikin injin. An buga ta a wani ɗan fili da aka shafe sumul, galibi wajen da inji ya haɗu da giyabos. A Toyota za ka ga samfurin inji kamar 1ZZ ko 2AZ tukuna, sauran lambobin su biyo, Honda kuma irin su K24. Baƙin mai da ƙura ne ke binne ta. Wanke da fetur, goga alli, haska tocila ta gefe. Kada in ga samfefa a hannunka.

Gano ta ba wani abu ba ne. Ni ma na gano ta ranar da aka cuce ni.

Wani dillali ne, babbar riga sha guga, carbi a hannu, ya sauke mini inji nan Gusau daga bayan a-kori-kura. Wai injin ɗan Kwatano ne, motar ta yi hatsari, kuɗin asibiti yake nema. Farashin bai kai rabin na kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ba. Na duba lamba, ta yi daidai da rasit, na ƙirga masa kuɗi har da na mota. Na ɗora wa wani malamin makaranta a Corolla, inji na kuka kamar agogo.

Bayan wata huɗu aka tare malamin a hanyar Funtuwa. Ashe na motar sata ne, an cinye lambar asali da giranda an buga wata. Kwana uku na yi a bayan kanta. Filina na Tsafe, wanda na ce ɗakin ɗana zai zauna a kai, shi na sayar na saya wa malamin wani inji.

Abin da ke ci mini rai, da aka nuna mini wurin, ko makaho ya gane. Filin ya lotsa kamar cokali, wani 8 ya ɗaga kai sama da 'yan'uwansa, wani 3 ya nutse fiye da sauran. Bugun kamfani layi ɗaya ne, zurfi ɗaya. Yatsa kawai zan sa, ban sa ba, araha ta rufe mini ido.

Har yau in na ga babbar riga ruwan toka a tasha sai na leƙa fuskar mai ita.

Ɗauki tocila, Corollar can na jiranka. Kuma da yatsa za ka shafa, ba hoto za ka ɗauko mini a waya ba.