Kabarin tsohon soja a Amurka: kada ki biya kuɗin abin da aka ba ki kyauta

Tambaya: Maigidana tsohon sojan Amurka ne, yana kwance asibiti. Muna wani ƙaramin gari a Dakota ta Arewa, wani kamfanin jana'iza kuma ya matsa mini in sayi fili tun yanzu. In saya?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ne. Kada ki sa hannu tukuna. Muddin ba korar wulaƙanci aka yi masa ba, kuma ya cika wa'adin aikin da ake buƙata, a maƙabartar sojoji ta ƙasa fili da haƙa da dutsen suna duk kyauta ne, ke ma kina da gurbi. Da can mutanen karkara sai sun yi doguwar tafiya, amma ma'aikatar tsofaffin sojoji na son kowa ya samu maƙabarta cikin mil 75 daga gidansa, shi ya sa aka buɗe ta garin Fargo, a jiharku, a 2019. Nemo takardar sallamarsa, DD214, ki cike fom 40-10007 na neman tabbacin cancantarsa tun yana raye. Ki tambayi ma'aikatan maƙabartar batun alƙibla, ki kuma sani galibi ba sa binnewa Asabar da Lahadi.

Masu kamfanin kuwa, a nan nake da magana. Sukan zo da tattausar murya da littafin hotuna, su nuna miki akwati mai sheƙi da matashin siliki, ki ji kunyar tambayar na katako. Mu da muka san likkafani ƙyalle uku, me ya kai mu siliki? Doka ta tilasta musu ba ki jerin farashi a rubuce, kina da damar sayo akwati a wani wuri, kuma babu dokar tarayya da ta wajabta ɗura wa gawa magani. Ɗaukar gawa da ajiye ta a firji dai ke za ki biya. Ki tafi da wani dattijo daga masallaci, mai idon da bai jiƙe da hawaye ba.

Tambaya: Babana ba zai yi amfani da filinsa na maƙabartar sojoji ba, gida Kano za mu kai shi. Zan iya sayarwa?

Amsa: Haba malam! Fuloti ne a Rijiyar Zaki? Ba a sayarwa.

Tambaya: Yayana a rundunar ko-ta-kwana ta jiha ya yi aiki. Yana ciki?

Amsa: Wata doka ta 2022 ta ba maƙabartun jihohi damar karɓar irinsu ba tare da sun rasa tallafin tarayya ba. Dama ce, ba dole ba, sai ka buga wa ta jiharku waya.