Kafin ka sayi tikitin Istanbul don dashen gashi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu zama. Ka ce shekarunka 26, goshi ya fara ci ta gefe biyu, tsakiyar kai ta fara haske, biki saura wata huɗu, ga kuma wani asibiti a Istanbul ya turo maka ta WhatsApp cewa za su dasa maka tushen gashi 5,000 a yini guda, har da otal da motar ɗauko ka daga filin jirgi. Kana tambaya ko ka tafi kafin biki. Kada ka tafi kafin biki. Bayan bikin ma akwai abin da za ka fara yi a nan gida. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, amma an yi mini aikin nan shekarun baya, na kuma raka wasu 'yan garin nan an yi musu, na ga wanda ya dace, na ga wanda har yau ba ya cire hula ko a gaban abokan wasansa.

Maganar biki ba ta da tsawo. Gashin da aka dasa zubewa yake yi tsakanin mako na biyu da na takwas, saiwar ce kawai ke zama a cikin fata. Sabon ba ya fara leƙowa sai wata na uku ko na huɗu, siriri, nan akwai can babu. Wani lokaci har tsohon gashin da ke kusa da wurin yakan zube don firgitar da fatar ta yi, sai daga baya ya dawo. Cikakken sakamako sai shekara guda, tsakiyar kai takan kai wata 18. Ka lissafa da kanka: ranar ɗaurin aurenka za ta faɗa daidai lokacin da kan ya fi muni. Ka sa hularka ka sha biki lafiya, ango dai ba a san shi da kai a buɗe ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, dashe ba ya ƙara maka ko sili ɗaya. Ɗebowa ake yi daga ƙeya da gefen kunnuwa a kai gaba. Sanƙon maza gado ne: akwai wani sinadari a jikin namiji, DHT, da ke sa saiwar gashin gaba da ta tsakiyar kai ta riƙa ƙanƙancewa har ta daina fitar da gashi. Gashin ƙeya bai cika jin wannan sinadarin ba, kuma ko an mayar da shi goshi yana tafiya da halinsa. Wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, shi ya bayyana haka a 1959, kuma a kan wannan duk sana'ar ta tsayu. To, ƙeyar nan rumbu ce da ba a sake zuba mata hatsi: damin da ka fitar ya fita ke nan. Inda aka cire tushe ba abin da zai sake tsirowa. Likitoci kan ce abin da za a iya ɗiba a ƙeyar mutum tsawon rayuwarsa bai cika wuce tushe 6,000 zuwa 8,000 ba, kowane tushe da gashi ɗaya zuwa huɗu, kuma mu baƙar fata namu bai kai na Turawa yawa a kowane santimita ba. Mai ce maka 5,000 a zama guda yana shirin kwashe maka mafi yawan abin da ka mallaka kana ɗan 26, alhali sanƙon bai gama nuna inda zai tsaya ba.

Wannan ne abin da ya fi damuna da shekarunka. Likitoci suna auna sanƙo da ma'aunin Norwood, daga mataki na 1 zuwa na 7. Yadda ka kwatanta naka, wataƙila kana na 3. Je ka dubi kan babanka, da na kawunnanka ta wajen uwa, da na yayyenka. In akwai wanda gashi ya rage masa a zagayen ƙeya kawai, to ka sa a ranka can ka nufa. Ka ɗauka an cika maka goshi yau. Gashin da aka dasa zai zauna, na asali da ke bayansa zai ci gaba da tafiya, bayan shekara biyar ka wayi gari da tuntu a gaba, fili a tsakiya, ba kuma sauran abin da za a ɗebo a rufe. Na san mai irin wannan kan a Kasuwar Dole ta nan Damagaram. Da sanƙonsa na Allah ya tsaya a kai, da ba wanda zai waiwaya ya kalle shi.

Saboda haka matakin farko likitan fata ne, ko a babban asibitin Damagaram, ko Yamai, ko Kano tunda ta fi mana kusa. Ya duba ya tabbatar sanƙon gado ne. Akwai makero, akwai zubar gashi mai zagaye kamar kwabo da ke zuwa farat ɗaya, akwai ciwon fatar kai mai ƙuraje da ruwa da ke barin tabo, kuma duk waɗannan ba dashe ne maganinsu ba, wasu ma dashen tsananta su yake yi. In na gado ne, magunguna biyu aka tabbatar da amfaninsu: minoxidil na shafawa mai ƙarfin kashi 5, da ƙwayar finasteride mai miligram 1, wadda aka amince da ita a Amurka tun 1997. Ba sa mayar da filin da ya riga ya yi santsi, amma suna riƙe abin da ya rage, kuma sai an yi wata shida zuwa shekara ake gane aikinsu. In ka daina, zubar ta dawo, abin da maganin ya riƙe maka ma ya tafi cikin watanni. Tunda ango ne kai, in faɗa maka ba kunya: finasteride takan rage wa wasu sha'awa ko ƙarfi, kamar mutum biyu cikin ɗari a gwaje-gwajen da aka yi, kuma mace mai ciki ba ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Ka gaya wa likita aure za ka yi kuma kuna son haihuwa, shi zai rubuta maka ordonans, wato takardar sayen magani, ko ya ce ka dakata. Ka saya a farmasi, ban da na masu yawo da magani a faranti cikin rana. Su man kaɗanya da habbatus-sauda da ruwan albasa da 'yan uwa suka yi ta kawo maka a ƙarƙashin tambayarka, suna gyara fata, ban ga sanƙon gadon da suka tsayar ba.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda saboda shi na zauna rubutun nan. Gashinmu ba a waje kawai yake murɗewa ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata. A hanyar da aka fi yi yanzu, FUE, da wani ɗan bututu mai kaifi mai faɗin kamar milimita ɗaya ko ƙasa da haka ake huda fata a zagaye kowane tushe a zaro shi. Bututun a miƙe yake shiga, saiwar kuma ta karkace, sai ya yanke ta biyu. Tushen da aka yanke ya tashi a banza: an raba shi da ƙeya, ba zai kuma tsiro a goshi ba. Hannun da ya saba da gashin Turkawa da Larabawa mai santsi zai iya lalata maka ɗaruruwa ba ka sani ba, tunda kana kwance rub da ciki. Masu gwaninta da irin gashinmu suna da bututu na daban, suna tafiya a hankali, shi ya sa ba sa alkawarin 5,000 a yini. Alherin da ke ciki kuwa, murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, kuma launinsa da na fatarmu ba su da nisa, don haka tushe kaɗan yana yi mana aikin da ba zai yi wa Bature ba. Ni abin da aka dasa mini bai kai rabin abin da aka yi maka alkawari ba, ya kuma ishi gaban kaina.

Ga kuma tabo. Fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai kumbura ya yi ta girma. Dubi jikinka: shaidar lamba a dantse, wurin ƙaho in an taɓa yi maka, tsohon rauni a ƙirji ko kafaɗa. In akwai wanda ya tashi ya yi tauri, ka nuna wa likita tun kafin a yi maganar kuɗi. Haka masu ƙurajen ƙeya da ke fitowa bayan aski, su taurare su haɗe. Likitan kirki zai ce a fara gwada tushe kaɗan a ɓoyayyen wuri, a jira watanni a ga yadda fata ta warke. Ko ta warke lafiya, kowane rami yana barin ɗigon da ya fi fata haske. In gashi ya ɗan taso ba a gani, amma ran da ka yi ƙwal-kwabo, ko ka je Umra aka aske kan tas, za su bayyana. Tsohuwar hanya, FUT, wadda ake yanko zirin fata a ɗinke, dogon layi take bari daga kunne zuwa kunne. Ga mai son aski ƙasa-ƙasa irin namu ban ga dacewarta ba, ko da yake ba ta yanke saiwa kamar ɗayar.

Asibitin da ya turo maka saƙo, ka tambaye su sunan likitan da zai yi aikin, kuma wane ɓangare zai yi da hannunsa. A wurare da yawa a Istanbul likita zana layi kawai yake yi ya wuce ɗaki na gaba, ma'aikata su yi sauran, a yi wa mutane da dama a yini. Ka ce su turo hotunan baƙaƙen fata da suka yi wa, bayan shekara, gaba da ƙeya, da gajeren aski. Hoton ƙeyar ya fi na goshin faɗar gaskiya. In suka yanke maka adadin tushe daga hoto biyu da ka ɗauka da waya, ba wanda ya taɓa kanka, ka san da ɗan talla kake magana. Kuma in an zo zana layin goshi, kada ka ce a sauko da shi inda yake kana ɗan 17, a miƙe kamar gyaran fuskar mai aski. Wannan layin da shi za ka tsufa, kuma kowane santimita da aka sauko da shi tushe ɗaruruwa yake ci.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoro ba. Ana fara analiz na jini: ciwon hanta, ƙanjamau, sukari, daskarewar jini, a auna hawan jini, mai sikila ya faɗa tun farko. Ba a sa ka barci, allurar kashe zafi ake zagaya kai da ita, ita ce kuma mai zafin, mintoci kaɗan. Bayan nan sai ƙarar injin a ƙashin kai da gajiyar kwanciya, awa shida zuwa takwas. Da aka tashe ni cin abinci na ga tushen a jere a kan auduga mai laima cikin 'yan faranti, kowane da ɗan farin kitse a gindinsa, wata ma'aikaciya tana ware masu sili ɗaya gefe don layin gaba. Ka nemi a nuna maka naka, ka tambayi adadin da aka ƙirga, a rubuta.

Wahalar tana bayan an gama. Kwana goman farko tushen bai kama ba, gogar tawul ko bugun ƙofar mota na iya fitar da shi. A kishingiɗe ake barci. Wajen kwana na uku goshi yakan kumbura, kumburin ya gangaro idanu, ya sace da kansa. Ga ƙaiƙayi, ba damar sosawa. Jirgin Istanbul a Yamai zai sauke ka, tsakaninka da gida kusan kilomita 900, kai yana bugun kujerar bas. Ka zauna wajen 'yan uwa a Yamai har ɓawon ya zube. Kada ka sa aikin a bazara, watan 4 da na 5, lokacin da zafi ke haura 40 gumi na bin kai, ka kuma guji tsakiyar hunturu saboda ƙura. Ba hula mai kama kai sai bayan mako biyu, ba yawo a kabu-kabu cikin rana, wanda kuma ke shan taba ya ajiye ta, don tana rage jinin da ke ciyar da saiwar.

Wani ya ce a ƙarƙashin tambayarka haramun ne, canza halitta ne. Malamai da dama sun halatta, cikinsu har da Shehu Ibn Usaimin, suka ce gusar da aibi ne, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Banu Isra'ila da ke Bukhari da Muslim, kuturu da makaho da mai sanƙo, wanda aka mayar wa mai sanƙon gashinsa. Abin da za ka tambayi malaminka tun kafin tafiya shi ne alwala da wanka, tunda mu Malikiyya kan gaba ɗaya muke shafa, da kuma sujada a kwanakin kumburi, don likita zai hana ka sunkuyar da kai.

Kuɗi: abin da nake gani ana tallatawa a Turkiyya yawanci tsakanin Yuro 1,500 ne da 3,000, wato kamar miliyan ɗaya zuwa biyu na sefa, ban da tikiti da biza, kuma masu ƙwarewa a gashinmu sukan fi haka. Ka ƙara kuɗin magani na kowane wata, don bayan dashen ma za ka ci gaba da sha in kana son na asali ya zauna. Ni har yau ina sha. Gaban kaina ya rufu, mai askina ya daina yi mini ba'a, amma in na tsaya cikin ranar azahar kai a jiƙe ana hango fata, kuma tsakiyar na bar ta da gangan, saboda ina ajiyar sauran ƙeyar.

In ka yi shekara kana magani, zubar ta lafa, likitan fata ya ce fatarka za ta ɗauka, sannan ka nemi wurin zuwa. Ran da za ka baro su kuma ka karɓi rahoton aikin da Faransanci, da adadin tushe da sunayen magungunan da suka ba ka, don in ƙurji ya tashi ko wuri ya yi ruwa bayan ka dawo, likitan nan Damagaram ne zai duba ka, kuma takardar zai fara tambaya.