Filin Tambaya da Amsa: Wane salon faɗa ne ya fi daɗi a wasannin RPG?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan faɗa suke a cikin gem na RPG, wato wasannin bidiyo da kake zama jarumin labari kana ƙara masa ƙarfi a hankali, sai na tsinci guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Mun kwana biyu muna musu da abokina, shi cewa yake gem ɗin da ake faɗa bi-da-bi, wato ka zaɓi duka ka tsaya dodo ya rama, na tsofaffi ne da malalata, wai ai ba wanda zai tsaya a dake shi a faɗan gaske. Ni kuma su nake so amma na kasa kare kaina. Kai wanne ka fi so tsakani da Allah? Daga wani ƙaninka ɗalibi.

AMSA: Ƙanena, ka gaida abokin naka ka tambaye shi a faɗan gaske wa ya taɓa shan takobi sau bakwai sannan ya sha wani ruwa a kwalba ya warke nan take, hhh, maganar "gaske" ba ta ma taso ba a harkar gem. Abin da ake nema shi ne shawarar da ka yanke ta yi tasiri, in an kashe ka kuma ka san laifin da ka yi.

Gaskiya yana da ɗan abin kamawa, don bi-da-bi irin na farko-farko, kamar Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987, sau da yawa danna "duka" kawai kake yi har dodo ya faɗi, in jininka ya yi ƙasa ka sha magani, shi ke nan. In wannan kaɗai ya gani to ba zan ga laifinsa ba. Amma an wuce nan tuntuni.

Wanda ni na fi so, kuma ba na jin kunyar faɗa, shi ne tsarin da ake kira Press Turn na Shin Megami Tensei III: Nocturne wanda Atlus suka fitar a 2003 a PlayStation 2. Yadda yake, kowane mutum a tawagarka yana ba ka alama ɗaya a saman allo, in ku huɗu ne alama huɗu, kowane motsi na cin guda. To in ka gano lagon dodo, misali wuta ce ba ya so ka watsa masa wuta, rabin alama kawai za a cire maka, ka ga mutum huɗu za su iya yin motsi har takwas kafin abokan gaba su ce uffan. In kuwa ka kai duka ya kauce ko ka jefa abin da ba ya kama shi, alama biyu za ta tafi, in ya shanye sihirin ko ya dawo maka da shi to duka alamominka sun ƙone, sai ka zauna ka kalli yadda za a yi da kai. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar nan ba kai kaɗai ta shafa ba, su ma dodannin da ita suke aiki, in ka shigo da wani a tawagarka mai tsoron ƙanƙara suka gano, wallahi da shi za su yi ta samun ƙarin motsi har su gama da ku, kuma a gem ɗin nan jarumin ya faɗi to wasa ya ƙare ko da sauran suna tsaye da ƙafarsu.

Akwai wani bos, wato babban dodo mai tare hanya, a farko-farkon gem ɗin, Matador, ƙwarangwal ne da jan ƙyalle a hannu, yana ƙara wa kansa zafin nama har ya zama duk dukan da ka kai iska kake duka, kowane kuskure kuma alama biyu. Na sha kashi a hannunsa har na ajiye pad na fita shan iska. Na je na ƙara lebul na dawo, ya sake lallasa ni. Sai da na haƙura na koyi sihirin rage masa gudu da na ƙara wa tawagata, irin sihirin da a wasu gem ɗin ko kallonsa ba na yi, na kuma sauya dodannin da ke cikin tawagata zuwa waɗanda iskar da yake bugowa ba ta cutar da su, sannan ya faɗi. Ranar ban fi jiya saurin yatsa ba, tunanina ne ya canza, kuma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba a gem ɗin danna-danna.

In Nocturne ya yi wa abokin naka tsauri ka fara masa da Persona 5, dangi ɗaya ne amma ya fi sassauci, ka bugi lago ka samu ƙarin motsi, ka miƙa wa na kusa da kai ya ci gaba, in duk sun zube ku rufe su gaba ɗaya. Sannan ka tuna masa Pokémon tun 1996 bi-da-bi ake yinsa, motsi huɗu kacal ga kowace dabba, nau'i 18 yanzu, kuma har gasar duniya ake yi a kai duk shekara, malalaci ba ya zuwa can.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Na fara Final Fantasy VII na asali saboda yadda ake zuzuta shi, amma abin na ruɗa ni, ina cikin neman sihiri a menu sai in ga an dake ni alhali ban gama zaɓa ba. Bi-da-bi ne ko ba shi ba ne? Ƙanwarka ce.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ruwa biyu ne, sunansa ATB, wato Active Time Battle, Hiroyuki Ito ne ya ƙirƙiro shi a Final Fantasy IV a 1991 kuma aka ci gaba da shi har na tara. Kowa yana da ma'auni da ke cika a hankali, mai sauri nasa ya riga cika, dodo ma yana da nasa duk da ba kya gani, shi ya sa ba ya jiranki. Ki shiga saitin gem ɗin ki sauya daga Active zuwa Wait, lokaci zai riƙa tsayawa in kin shiga jerin sihiri ko kaya, ki kuma rage gudun faɗan in kina so, ba wanda zai ce kin yi maguɗi.

Ni dai ATB bai taɓa shiga raina sosai ba, ina ganin ya ɗauko gaggawar wancan ya haɗa da jiran wannan, kina sauri kuma kina zaune kina kallon ma'auni. Inda ya yi kyau shi ne Chrono Trigger na 1995, saboda can jiran yana da riba, in kin haƙura ma'aunin mutum biyu ko uku ya cika sai su haɗa hari guda, kuma inda dodanni suke tsaye a fili yana canza wanda harin zai kama. Da Final Fantasy X ya zo a 2001 sai suka cire agogon, suka jera miki sunayen wanda zai motsa bayan wane a gefen allo, kina ganin yadda zaɓinki zai tura bos baya a layin, kina kuma iya sauya mutum ana tsakiyar faɗa, in dodo mai tashi sama ne ki kira ɗan tawagarki Wakka, in mai sulke ne ki kira Auron. A duk gidan Final Fantasy wannan ne nawa. Na XII kuma da ya zo a 2006 da tsarin gambit, inda kike rubuta wa tawaga doka kamar "in jinin wani ya sauka ƙasa da rabi a warkar da shi", wasu sun ce gem ne mai buga kansa, ni kuma awa nake yi ina gyara dokokin nan ina jin daɗi, kowa da irin haukansa.

TAMBAYA: Ɗana, ni na manyanta amma ina taɓa gem tun zamanin Sega. Yarana sun saka mini Elden Ring, bos na farko ya hana ni sakat, yatsun ba kamar da ba. In haƙura da RPG ke nan?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kada ku haƙura. Elden Ring na 2022 da yayansa Dark Souls na 2011 ba saurin yatsa kaɗai suke so ba, haƙuri suka fi so, akwai koren ma'aunin nan na ƙarfin jiki da duk sara da mirginawa ke ci, yawancin masu mutuwa haɗama ce ke kashe su, a yi sara uku inda biyu ne ke da wuri. In wanda ya tare ku mai dokin zinariyar nan ne da ke yawo a fili da zarar an fito, ku zagaye shi kawai ku wuce, an ajiye shi ne don a koyi gudu. In kuma Margit ne, bos ɗin da ke tsare hanyar shiga fadar farko, ku bar shi ku nufi kudu ku ƙara lebul ku gyara makami, ku kira ruhohin taimako su ɗauke masa hankali.

Amma in kun ga abin ya zama wahala ba nishaɗi ba, Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam da ya fito a 2023 shi zan ba ku. Ba agogo ko kaɗan, kuna iya tashi ku dawo faɗan na nan inda kuka bar shi, dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons yake bi, ɗan lido mai fuska 20 ke yanke ko duka ya shiga, kuma filin kansa makami ne, ku hau tudu ku yi harbi, ku zuba mai ku cinna wuta, ko ku hankaɗa ƙato cikin rami a huta. Dragon Quest XI ma yana da sanyin hali. Wanda zan ce ku yi hattara da shi shi ne Clair Obscur: Expedition 33 na Faransa, na 2025, yaran za su ce muku ai bi-da-bi ne, e haka ne, amma in dodo ya kawo duka sai kun danna kaucewa ko tarewa daidai kan lokaci, dabarar da Super Mario RPG ya shahara da ita tun 1996 ce aka tsananta. Yana da kyau matuƙa, sai dai ku sa shi a mataki mai sauƙi.

TAMBAYA: Malam, a Fire Emblem duk wanda ya mutu ya tafi ke nan, ni kuma da an kashe mini mutum sai in kashe gem in sake matakin daga farko. Ƙawata ta ce ha'inci ne. Haka ne?

AMSA: Malama, in ha'inci ne to mu duka a ɗaure mu. Tun 1990 ake mutuwar dindindin a jerin nan kuma tun lokacin mutane ke sake kunnawa, kuma ai kin biya, awa guda da kika ɓata tana tafiya ne saboda maharbi ɗaya da kika ajiye a gaban mai gatari. Su kansu masu gem ɗin sun gane, Awakening na 2012 yana da zaɓin da matattu ke dawowa bayan faɗa, Three Houses na 2019 kuma ya ba ki damar mayar da lokaci baya 'yan motsi kaɗan. Ki dai riƙe cewa a yawancinsu takobi na cin gatari, gatari na cin mashi, mashi na cin takobi, kuma kada ki kusantar da mai dokin fiffike inda baka take. Sau ɗaya na gwada ƙin sake kunnawa har ƙarshen gem, na rasa mai warkarwata a mataki na tara saboda na matsar da ita gida ɗaya fiye da kima, na yi kwana biyu ban taɓa gem ɗin ba, a na uku na share sebin ɗin na faro daga farko.