Amsar Kaka kan furannin bakin titi

Amarya, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta min har sau biyu. Allah ya ba iyayen yarinyar nan haƙuri, ku ma abokan karatunta ya sanyaya muku zuciya. In na fahimce ki, 'yar ajinku ce ta rasu a haɗarin mota a wata kwana, 'yan ajin suna so su kafa mata alama a wurin, da hoto da furanni da kyandir, sun ce ki sa hannu. Ke kuma kina son sanin daga ina abin ya samo asali, sannan ki shiga ko ki noƙe.

Sai da na murmusa. An tura ki Amurka neman ilimi, kin rasa wanda za ki tambaya zancen titin Amurka sai tsohon da kika bari a gida. Kakata takan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, nemi zare ka ɗaura, amma ba ta taɓa faɗar wannan ba tare da ta ƙara da cewa a fara leƙa jelar ta mece ce ba. Murmushin bai daɗe ba, domin da aka zo kan kalmar kwana sai gabana ya faɗi.

Abin ya girmi mota. A Meziko da jihar New Mexico ana kiran irin wannan alama descanso, wato wurin hutawa da harshen Sifaniyanci. A da a kafaɗa ake ɗaukar akwatin gawa daga coci zuwa maƙabarta, duk inda masu ɗauka suka sauke suka huta sai a ajiye dutse ko ƙaramin gicciye, mai wucewa ya yi addu'a. Da mota ta zo ta fara kashe mutane nesa da gida, sai sunan ya koma kan inda rai ya fita. A Chile ɗan ƙaramin gida suke ginawa, animita, saboda sun yi imani ran wanda ya mutu farat ɗaya yakan tsaya a wurin. A Girka akwati ne mai siffar coci a kan ƙafa, da fitilar mai a ciki, kuma ba duka na mamata ba ne, wasu waɗanda suka tsira ne suka kafa don godiya. Kin ga ke nan tushensa na addini ne, ko da yawancin masu yi yau ba su da wannan a rai.

Abin da ya buɗe wa duniya ido a kan kuka a bainar jama'a kuwa, kafin a haife ki ya faru. Daren 31 ga Agusta 1997 motar da ke ɗauke da Gimbiya Diana ta Ingila ta daki ginshiƙi na 13 a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta kusa da gadar Alma a Paris. Direban da abokinta Dodi Fayed nan take suka mutu, ita kuma sai da aka kai ta asibiti ta cika kafin asuba. Mutanen Ingila, waɗanda aka sani da haɗiye kuka, sai ga su a titi suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Furanni suka fara taruwa a ƙofar gidanta, fadar Kensington a Landan, kwana ɗaya, biyu, uku, har ciyawar filin ta ɓace, a wasu wurare tsibin ya kusa mita ɗaya da rabi. An ƙiyasta nauyinsu ya haura tan 10,000. Sarauniya Elizabeth tana gidanta na Balmoral a Scotland da jikokinta biyu, 'ya'yan Diana, da suka rasa uwa, jama'a suka yi ta gunaguni cewa ba ta fito ba, ba a kuma sassauto tuta a fadar Buckingham ba, har sai da ta dawo Landan ta yi jawabi a talabijin ranar 5 ga Satumba, washegari aka yi jana'iza. Ki lura da wannan: kakar yaran ce, tana zaune da marayun, amma baƙi suka ce baƙin cikinta bai isa ba tunda ba su gani da ido ba.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kusan duk furannin a cikin leda suke. Leda ta riƙe ruwa, rana ta buga, na ƙasa suka fara ruɓewa suna ɗumi kamar juji, na sama kuma mai wucewa ƙyallin leda kawai yake gani. 'Yan sa-kai ne suka durƙusa kwanaki suna warware kowane ƙulli da hannu, leda gefe, takardun ta'aziyya gefe don iyalai, 'yan tsana gefe don yaran asibiti, furen da ke da sauran rai a kai gidajen tsofaffi, sauran a yi taki. Darasin ya zauna, domin da Sarauniyar ta rasu a 2022 tun farko aka roƙi mutane su cire leda kafin su ajiye fure. A Paris kuwa, tunda ba mai iya tsayawa cikin ramin da motoci ke gudu, sai jama'a suka tattaru a wani gunkin harshen wuta da ke samansa. An kafa shi tun 1989 don abotar Faransa da Amurka, ba ruwansa da Diana, amma ya zama nata, har a 2019 aka sa wa filin sunanta. Ba a daidai ginshiƙin ba ne, kuma ba wanda ya ce kukan ya ragu don haka.

To ga abin da ya faɗar min da gaba. Inda mota ta ƙwace wa direba sau ɗaya, za ta iya ƙwace wa wani, musamman kwana da ba a hango abin da ke gabanta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya juya daƙiƙa biyu yana ƙoƙarin karanta suna a jikin allo ya yi fiye da mita 50 ke nan bai kalli gabansa ba. Ku kuma kuna tsaye a wurin, mutum ashirin, idanu sun cika da hawaye, motocinku jere a kafaɗar titi. Mahaifinmu yakan ce garin gyaran gira ake rasa ido.

In sun dage sai sun yi, kafin komai su kira hukumar hanyoyi ta jihar, domin kowace jiha da dokarta. A New Mexico lalata descanso laifi ne. A Kalifoniya ba a yarda mutum ya kafa nasa a hanyar jiha ba, hukuma ce ke kafa allo mai sunan mamaci ga wanda direba mashayi ya kashe, da roƙon kada a sha a yi tuƙi. A Montana ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ke kafa fararen alamomi tun 1953, South Dakota kuma tun 1979 take sa allon da ke ce wa direba ya yi tunani. Delaware lambu ta yi a wurin hutawar matafiya na Smyrna, ana zana sunan mamaci a jikin bulo, uwa ta zauna kan benci ta yi kukanta ba tirela a bayanta. Ni dai wannan na Delaware ya fi kwanta min. A manyan hanyoyin nan na Interstate masu haɗa jihohi kuwa tsayawa ma a kafaɗa ba tare da lalura ba haramun ne a doka.

In an ba su izini, alamar ta koma can baya. Injiniyoyin can suna son a bar kamar ƙafa 30, wato mita 9, daga bakin kwalta ba tare da wani abu mai tauri ba a hanyar gudu, don motar da ta kauce ta sami filin tsayawa. In akwai shingen ƙarfe, a bayansa za a sa, ba a ɗaure komai a jikinsa ko a jikin allon hanya. Katako mara nauyi, kaurinsa kada ya wuce inci 4 da 4, wanda zai karye in an buge shi. Ba siminti a gindi, ba bututun ƙarfe, ba tarin duwatsu, domin irin waɗannan ne ke shiga ta gilashin gaba. Ba kwalba ko gilashin hoto, injin yankan ciyawa zai farfasa su ya watsa wa mai aikin. Kyandir a busasshiyar ciyawa gobara ce. Fitila mai aiki da hasken rana da duk abin da ke ƙyalli da dare suna ruɗa direba, ya ɗauka alamar hanya ce ya bi. Suna kaɗai ya isa, da manyan baƙaƙe. A je da rana, ban da ranar ruwa ko ƙanƙara, mutum biyu ko uku, mota ɗaya a ajiye nesa da kwanar, kowa fuskarsa ga motocin da ke tahowa. Sannan a yanka ranar kwashewa tun yanzu, a san wanda zai je. Fure kwana bakwai ya yi yaushi, na roba ya koɗe, 'yar tsana ta sha ruwa ta yi baƙi, wata uku sai wurin ya zama abin da uwar za ta wuce ta kau da kai.

Uwar nan ita ce ban ji kin ambata ba ko sau ɗaya a saƙonki. An tambaye ta? Wata uwar tana son wurin, wata kuma hanyar aikinta ce, kullum safe da yamma za a nuna mata inda 'yarta ta ƙare. Akwai kuma mai gidan da ke kallon wurin, wanda wataƙila shi ya fara isa daren, da direban ɗaya motar in yana raye. Tsofaffinmu cewa suke kada ka fi mai kora shafawa. Muna yara, labarin mutuwa da ƙafa yake tafiya, a zaɓi mai nutsuwa a aika, ya zauna, ya gaisa, sannan ya faɗa a hankali. Yanzu kuwa motar ba ta gama hayaƙi ba an ɗaga waya, uba ya gane takalmin ɗansa a Facebook. Ku yaran yanzu kuna da tausayi, ban musa ba, sai dai kun fi saurin nuna shi ga duniya fiye da kai shi ƙofar mai shi. Ranar kafa alamar ma na san rabin hannuwan waya za su riƙe.

Batun ko ya halatta ki tsaya inda ake kafa gicciye da kyandir, wannan ki kai wa babanki, shi ya zauna gaban malamai, ni titi na sani. Zuwa gaida uwar dai ba ya bukatar fatawa, kuma ki sake komawa bayan wata biyu, lokacin da gidan ya watse. In 'yan ajin suna son rana ta taruwa, akwai Lahadi ta uku a watan Nuwamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 don tunawa da waɗanda hanya ta ci, ana iya yi a cikin makaranta.

Ki rubuto min sunan jihar da lambar hanyar, da gudun da aka rubuta a allon kafin kwanar. Kakarki tana gaishe ki, ta ce wai har yanzu a bayan mota ba kya ɗaura bel.