Faifai ko kundi? Kuma me za mu kira mawaƙin da ya bar turbar jama'a?

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya uku a saƙo ɗaya. Tana son yin sharhi da Hausa a kan Enjoy Your Life, cikakken tarin waƙoƙi na farko da mawaƙiyar Najeriya Lady Donli ta fitar a 2019, sai kalmomi suka tsaya mata a wuya. Ta ce: "Malam, faifai zan ce ko kundi? Yaya zan nuna cewa ita ke tsara waƙarta, ita ke rerawa? Kuma irin kiɗan nan da 'yan Legas ke kira alté, ko in ce fanɗararren kiɗa?"

Malama, mu fara da mai sauƙi. Faifai dai shi ne wanda iyayenmu mata ke saƙawa su rufe ƙwarya ko su yi tankaɗe. Da garmaho ya zo, Bahaushe ya ga abin da ake ɗora masa zagayayye ne, shimfiɗaɗɗe, sai ya ara masa sunan. Garmaho ya tafi, kaset ya zo ya wuce, suna bai tafi ba, har yau muna cewa faifan bidiyo ga abin da ke cikin waya. Kundi kuwa ɗaurin takardun malami ne, wanda ya daɗe yana tarawa, shi ya sa muke da kundin digiri da kundin tsarin mulki. Idan waƙa ɗaya ce, ki ce faifai. Idan an tara waƙoƙi an jera su da niyya, wannan na bin wancan, kundi ya fi zama daidai. Ki rubuta "kundinta na fari". Na fi son fari a kan farko a nan, don yana tuna mana da ɗan fari, wanda ake zuba ido a ga kamanninsa.

Tambaya ta biyu ita ce mai nama. A gargajiyance ba mu buƙaci wata kalma ta musamman ba, domin da an ce mawaƙi an san shi ya ƙago abinsa. Shata ba wanda ya rubuta masa baiti. Ɗan Maraya Jos ma ya fi dacewa da misalin nan: mutum ɗaya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, babu 'yan amshi, shi ne mai kiɗan, shi ne mai maganar. Rarrabewar ta taso ne da zuwan situdiyo da finafinai, inda wani zai rubuta, wata ta rera, jaruma kuma ta hau waƙar tana motsa baki. To idan kina son bambancewa, ki ce "mai tsara waƙarta ta rera da bakinta". Ya yi tsawo, amma kowa zai gane.

A nan karin maganar nan take shigowa: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mun saba kawo ta idan ana son wanda abu ya shafa ya faɗa da kansa, kada a ji daga bakin ɗan aike. Amma ki duba zahirinta. Ba a ce ta fi daɗi a bakin mai zaƙin murya ba, an ce mai ita. Wanda ya ƙaga baiti ya san inda zai ja numfashi, da kalmar da zai danne don ta yi ciwo. Makafi da yawa sun rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙofofin gidaje, wasunsu da murya mai ratsa jiki, duk da haka idan aka ce waƙar wa, sunan malamin Zariya ake kira. Abin da ke jan mutane ga kundin Donli ke nan. Ta tashi a Abuja, ta cuɗa Turanci da Burokan da Hausa kamar yadda yaran garin ke hira, ta buɗe kundin da waƙa mai sunan Hausa, Zaman Lafiya. Ta kuma koma ga kiɗan hailaif da fonk irin na shekarun 1970, da jita da ganguna na hannu, tare da 'yan'uwan nan biyu na ƙungiyar makaɗa ta The Cavemen, a lokacin da kasuwa ta raja'a ga kiɗan kwamfuta na gidan rawa.

Sai ta uku. Kada ki ce fanɗararre. Fanɗarewa zargi ne, ana faɗa wa yaron da ya fi ƙarfin iyayensa, da kin sa ta kin yanke wa kiɗan hukunci tun mai karatu bai saurara ba. Bambaraƙwai ma, na "namiji da suna Hajara", ba'a ce ga abin da bai dace da wurinsa ba. Alté gajarta kalmar Turanci ce, wato "alternative", da matasan Legas suka yi wa kansu laƙabi da ita, irin su mawaƙa Odunsi da Santi, kuma ba kiɗa ɗaya ba ne, har sutura da ɗaukar hoto tana ciki. Ki bar sunan yadda masu shi suke faɗa, ki bi shi da bayani sau ɗaya: masu salo na daban, waɗanda ba su bi yayi ba. Daga nan sai ki ci gaba da cewa 'yan alté, kamar yadda muke cewa 'yan nanaye.