Kataloji na neman cinye min jari, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jakunkuna da takalma nake sayarwa, na so in buga kataloji mai kala, shafi 22, kwafi 150, amma kuɗin da mai bugawa ya yanka min wallahi sai da na nemi wurin zama. Ta ina zan rage ba tare da abin ya fito kamar na wasan yara ba?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ai tun daga 22 ɗin nan kuɗinki ya fara zuba. Kataloji irin wanda ake ninkewa a buga masa fin a tsakiya, kowace takarda shafi 4 take bayarwa, to kin ga 22 ba ta shiga lissafi, na 24 za a caje ki biyu su tafi fanko. Ki matse kayan su dawo 20, in da hali ma 16. Girman kuma ki tsaya kan A4 ko A5, wanda shi rabin A4 ne, don duk wani salon girma da kika ƙirƙiro yanke takarda za a yi a zubar, kuma har abin da aka zubar ke za ki biya.

Sai ki tambaye shi da wane inji ya yi miki lissafi. In ofset ne to nan gizo ke saƙar, saboda sai an fara yin filet, wato farantin ƙarfen da ake ɗora zanen a kai don ya ɗauki tawada, na kala huɗu kafin injin ma ya motsa, kuma kuɗin filet ɗin nan ɗaya ne ko kwafi 150 kika buga ko 5000, shi ya sa ofset sai mai buga da yawa yake wa rana. Ke dijital, wato injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba sai an yi filet ba, ce daidai da ke, in sun ƙare ki ƙara.

Takardar ciki mai nauyin gram 115 ko 130 ta isa, bango kawai za ki ba mai kauri kamar 250. Kar dai garin neman sauƙi ki ɗauki mai shara-shara, hoton takalmin baya ya riƙa leƙowa ta cikin jakar gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, mutum ya buga farashi a jikin kataloji, bayan wata biyu kaya su tashi a koma manna takarda ana gyarawa da biro. Ki ba kowane kaya lamba, farashin ki buga shi daban a falle ɗaya baƙi da fari ki saka a ciki.

Hotuna kar ki tura su yadda aka saba ta WhatsApp, matse su yake su dushe, ki ba shi na asali masu 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan). Kuma don Allah ki ce ya fitar miki da kwafi ɗaya tukuna ki riƙe a hannu, ki duba lambar wayarki sau biyu, ki ɗora jar jakar nan kusa da hotonta ki ga ko jan ya fito ja, sannan ki ce a ci gaba.