Amsa kan 'yan jarida ranar rabon tallafi

Malama, kin tambayi yadda ƙungiyarku za ta yi da 'yan jarida ranar rabon tallafin ambaliya a ƙauyukan Auyo da ke jihar Jigawa. Ku fara da dagaci da liman, su ji daga bakinku kafin su ji a rediyo. Sannan mutum ɗaya ya riƙa magana, takarda a hannu: buhu nawa, gida nawa, wa ya bayar. Adadin waɗanda ruwa ya shafa kuwa, ku bar wa SEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta jiha, ban da kintace.

A can rediyo ya fi Facebook isa, har a gona ana saurare. Hoto fa? Dattijuwa a durƙushe tana karɓar kwanon gero, ni dai ban ga dalilin ɗaukarta ba. In ya zama dole, ku nemi izininta, ku gaya mata inda hoton zai je.